Jar Alkamar da Na Zuba wa Kaji

Bismillahi. Auta, Innarka ce ke gaishe ka daga Kazaure. Allah ya sa ka tashi lafiya, kai da Maryama da yaran. Allah ya tsare min ku a gida da waje, ya raba ku da mugun ji da mugun gani.

Bakin nawa ne, hannun na Jummai ne, maƙwabciyarmu Bafulatanar nan mai koyarwa a firamare. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min magana ta mai da ni 'yar boko. Ta ce in gaya maka wai uwar ɗakinka tana gaisuwa, wai ko dakta nawa ka zama, Babarbare dai yaron Fulani ne. Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni, in kun haɗu kwa yi taku.

Ka san abin da ya kawo takardar nan. Ka ce an zaɓe ka a wurin aikinku ka tafi Turkiyya, ka hau duwatsu ka nemo wata ciyawa da take dangin alkama. Ka ce ba za ka sa ƙafa a jirgi ba sai na ce na yarda, in ban yarda ba a ba wani. Kuma an ce min lokacin da suka ɗibar maka ya kusa cika. Ranar da ka kira na ce a'a, na miƙa wa yayanka wayar na shige ɗaki, tun daga nan ban ƙara karɓa ba. Ba fushi nake yi ba. Da na ji muryarka sai in rasa abin faɗi sai a'a. Shi ya sa na ce a rubuta, ko na samu in kai ƙarshen maganata.

Tsoro nake ji, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron jirgin. Ina tsoron dutsen, kai da ko bishiyar mangwaro in ka hau sai ka kira yayanka ya sauko da kai. An ce ƙanƙara tana zuba a can kamar gari, kai kuma ɗan sanyin nan namu ma tari yake sa ka. Ina tsoron in rediyo ya ambaci faɗa a wata ƙasa in kasa gane ko taku ce. Wanda ya fi duka, ina tsoron ka dawo ka tarar an share ɗakina.

To amma tun da na ce maka a'a, hankalina bai kwanta ba. Ina zaune, abubuwan da na yi a baya suna ta zuwa min. Wasu ka taɓa jin su a bakin mutanen gida, yau ka ji su a nawa.

Ka tuna lokacin da ka gama karatu aka fara ce maka dakta? Matan unguwa suka yi ta zuwa barka, suna tambaya asibitin ina za a kai ka. Na kasa buɗe baki in ce ɗana karatun ciyawa ya yi. Sai na bar su da abin da suka ɗauka. Ranar da ka zo hutu, ga Hajiya Tabawa ta kawo maka ƙafarta mai kumburi, ta miƙe ta a kan tabarma tana cewa, "Likita, taɓa nan ka ji." Ka dube ta, ka dube ni. Ka ce, "Hajiya, ni alkama nake dubawa." Ta ce, "To ai ni ma ita nake ci, duba dai." Ga Jummai nan yanzu tana dariya har biro ya faɗi. Ni dai a ranar kunya ta kama ni, kuma ba taka ba ce, tawa ce. Saboda haka duk inda ka je, in an tambaye ka sana'arka, ka faɗe ta da bakinka a sarari. Wanda zai yi dariya ya yi. Abinci kake nema wa mutane.

A zuwan nan ne ka zaunar da ni ka yi min bayani, ina tankaɗe. Ban gane duka ba. Abin da na riƙe shi ne, ka ce alkama ma tana da 'yan uwa a daji waɗanda ba wanda ya taɓa shuka su, gajeru, ƙwayarsu 'yar firit, awaki ne ke ci. Ka ce kowacce da halinta, wata tana jure zafi, wata tana jure ƙishi, wata kuma tana da danƙon da ke sa kwaɓi ya miƙe bai tsinke ba, burodi ya tashi ya tsaya. Ka ce kuna ɗaukar ƙurar furen wannan ku sa wa waccan, kamar a haɗa aure, ku jira ku ga 'ya'yan wa za su biyo. Na ce ashe dai shibra kake nufi. Ka ce kusan haka. A Gwiwa inda aka haife ni, shibra tana fitowa cikin gero ba wanda ya gayyace ta, ana cire ta ana zagi. Amma ita ke riga gero nuna, kuma shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, na ga uwata ta bi gona tana karyo ta muka sha kunu. To na san abin daji yana da ranarsa. Sai dai na sani da baki ne kawai, ga abin da na yi da hannuna.

Da aka kawo ni gidan nan, ban san alkama ba sai a alkakin biki. Mu gero muka sani da dawa da gyaɗa. Kakarku Ya Falmata, uwar babanku, ita ce mai alkama. Iyayenta ne suka taho da irin daga gabas, ita kuma take riƙe da shi a wani tulu, ta gauraya da toka ta liƙe bakin da laka. In sanyi ya shigo, babanku ya gyara fangalin shuka a fadama ya kafa jigon ban ruwa, ita ta fasa tulun. Taliyarta 'yar murji kuwa, sai ta ja ta kamar zare ba ta tsinke ba. Funkasonta in ka yaga sai ya yi ta binka.

Da idonta ya fara mutuwa, sai ta miƙa min tulun. Na fasa na zuba a faifai, sai na ga abin duk a cakuɗe. Ga farare manya masu sheƙi, ga wasu jajaye ƙanana masu tauri, ga wasu dogaye sirara kamar ba su ƙoshi ba. A gidanmu, babana in zai ajiye irin gero, zangarniyar da ta fi kowace girma da kyau yake zaɓa ya rataye. Na ce a raina, tsohuwar nan ido ya hana ta gyara irinta, bari in nuna mata an kawo mace mai tsabta. Na zauna a inuwa ina tsinta ɗaya-ɗaya. Farare manya na mayar tulu. Jajayen nan na watsa wa kaji. Auta, har kiran su nake yi.

Shekarar farko ba wanda ya lura. Na sake yi, na kuma sake. Gonar babanku ta dawo kai ɗaya kamar an aske ta, masu wucewa suna tsayawa kallo. Shi ma ya yaba min, ya ce tun da yake bai taɓa ganin alkamarsa ta yi kyau haka ba. Ina ta jin daɗi.

Kakarku ce ta gano, ita da ba ta gani. Wata rana na kwaɓa garin taliya, ta ce in miƙo mata ta taya ni murzawa. Ta ja, ya tsinke. Ta ƙara ruwa ta ja, ya tsinke. Ta ajiye ta ce, "Ke 'yar Gwiwa, ina 'yan jajayen nan?" Na ce, "Iya, ai datti ne, na ba kaji." Ta yi wata magana da Barbarci wadda har yau ba wanda ya yarda ya fassara min. Sannan ta ce, "Kin bar masu kyan fuska kin sallami masu aiki." Ba ta zage ni ba. Sai dai daga ranar, duk kazar da aka yanka a gidan nan sai ta ce a ba ta cinya, wai irinta take karɓa.

Ba taliya kaɗai abin ya taɓa ba. Akwai shekarar da zafi ya sauko da wuri, alkama tana cikin zuba ƙwaya. Da can in haka ta faru, wasu su motse wasu su tsira, don ba tare suke nuna ba. A shekarar nan duka suka motse tare, tun da duk abu ɗaya ne. Babanku ya shigo da abin da ya samu a ƙwarya, ya ajiye a gabana.

To ka ji. Kai ka fi ni sanin wannan, a makaranta aka koya maka, ni a faifai na koya. Amma ido yana da son abu mai kyau, ko na mai ilimi ne. In ka hau dutsen nan, ka gaji, ƙafa tana ciwo, hannunka zai miƙa wa wadda ta fi tsayi da kyau. Ka sunkuya ka ɗebi 'yar mummunar nan ma, wadda ta maƙale a tsagar dutse. Ka ɗebo ta gefen rana, ka ɗebo ta gefen inuwa. Ba ka san wacce ce mai aikin ba sai an kwaɓa. Haka mutanen da za ku tafi tare, kada ka manne wa mai iya magana ka bar mai shiru.

Jummai ta ce ka gani, ina cewa in ka hau, in ka hau, wai ai na riga na yarda. Ban yarda ba tukuna. Ke dai rubuta.

Jummai ta tafi ɗora tukunya, yaranta sun dawo. Yanzu yayanka ne ya shigo daga fadama ya karɓi biron, ƙafarsa duk laka. In ka ga rubutun ya karkace, nasa ne. Ya ce in gaya maka ya bar makaranta da daɗewa, kada ka yi masa maki.

Saura ɗaya, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Da kakarku ta ga abin da ya faru da irin, ta ce min kada in damu, ƙanwarta Ya Kaltume da ke aure a Kanya Babba tana da shi, tana shukawa a ɗan lambunta. Ta ce in je in karɓo. Na ce babanku ya je mana. Ta ce a'a. A gidansu ba a aika namiji karɓar iri, ba a kuma ba ɗan aike. Matar da za ta riƙe tulun ita ke zuwa da ƙafarta, ta tara hannu biyu a zuba mata, a yi mata addu'a. Haka aka ba ta, haka aka ba uwarta.

Ni kuwa tun ina yarinya na ga wata babbar mota ta kife a hanyar Roni ranar kasuwa, na ga abin da na gani. Tun daga nan ba na yarda in hau mota. Ko da aka kawo ni gidan nan, a kan jaki na ce a ɗora ni. Sai na ce wa kakarku to, bari damina ta wuce. Damina ta wuce na ce bari in yaye goyo. Na yaye na ce bari a yi Sallah. Ya Kaltume har saƙo ta aiko da masu zuwa cin kasuwa, ta ce a gaya wa amaryar Kazaure tulu yana jiran ta. Amarya, ina da 'ya'ya har sun fara tafiya makarantar allo. Kakarku ta rasu ban je ba. Ina ta cewa baɗi.

Sai ga labari Ya Kaltume ma ta rasu. Wannan kam ba yadda zan yi, dole in je gaisuwa. Na hau motar nan na runtse ido, na ƙanƙame matar da ke kusa da ni har ta ce, "Baiwar Allah, ko naƙuda ce?" Kafin in gama salatin da na ɗauko, aka ce a sauka an iso. Auta, ba abin da ya same ni. Ko ɗankwalina bai goce ba.

Muna zaune a tsakar gida aka kawo funkason sadaka. Na yaga, sai ya biyo hannuna. Na sa a baki, na gane shi. Na tambayi surukarta, "Wannan alkamar fa?" Ta ce, "Ta tulun tsohuwa ce. Mun ga ba mai shukawa, lambun ma an bar shi, sai muka niƙa muka yi mata sadaka da ita." Na ce, "Duka?" Ta ce, "Duka, har mun wanke tulun." Na cinye funkason nan ina hawaye, mutane suna cewa Allah sarki, ashe haka take son marigayiya.

Yayanka ya dakata da rubutu, ya ce bai taɓa jin ƙarshen labarin nan ba, shi dai ya san na kaji. To yau ka ji, rubuta.

Abin da nake so ka gane, ni a lokacin gani nake in na zauna a gida ba abin da zan rasa. Ashe ina zaune abin yana ƙarewa a can. Kai ma ka gaya min ciyawar nan taku tana raguwa, ana gine wuraren, dabbobi suna cinyewa. Da ka faɗa, Ya Kaltume ce ta faɗo min a rai. Kada ka ce baɗi a kan abin da za ka iya yi bana. In tsoro ya kama ka, ka tambayi kanka me zai salwanta in ka zauna, kada ka tsaya a kan me zai same ka in ka tafi.

Yayanka ya ce in bar shi ya sa tasa. Na ce ya faɗa min tukuna in ji. Ya ce alkamar da malaman gona suka kawo tana cika buhu, ba ya kushe ta, ita ke riƙe da gidan nan. Amma sanyi yanzu ba ya daɗewa, kullum a tsorace yake kada zafi ya riga shi. Kuma ya kai garinta gidan burodi a cikin gari, mai gidan ya gwada ya ce masa, "Malam, taka ta funkaso ce. In na yi burodi da ita zalla, zama yake yi kamar an zauna a kansa." Ya ce min, "Inna, in Auta ya samo mai danƙon nan aka haɗa da tamu, ko ban ci moriyarta ba 'ya'yana sa ci. Ki bar shi ya je." Na ce wa ya tambaye ka? Ya ce ai ni na ba shi biro.

Na san ba a shekara ɗaya ake wannan aiki ba, ka gaya min. Ka ce sai an haɗa, a shuka, a zaɓa, a sake shukawa, wataƙila a yi ta yi ba a dace ba. Ban sa rai zan ci burodin ba. Haƙoran ma sun tafi, sai dai a jiƙa min a shayi. Amma ina so a ce wata rana yaro a Babura ko Gwiwa ya sayi burodi a teburin mai shayi, alkamar a fadamarmu aka noma ta, kuma da hannun ɗana a ciki. Ko bai san sunanka ba, Allah ya sani.

Yanzu ka saurara da kyau. In ka isa, kada ka faɗa wa dutsen mutane kamar na gidanku. Ka nemi manyan wurin ka gaishe su, ka durƙusa yadda na koya maka, ka faɗi abin da ya kawo ka. Abin ƙasarsu ne, roƙo ka je yi. Ka tambayi masu kiwo, su ne ke yawo a wurin kullum, sun san inda kowace ciyawa take. In sun nuna maka ka gode musu, in ka koma ofis kada ka ce kai ka gano. Kada ka kwashe duka, ka bar wadda za ta zuba ta fito baɗi. Abin da kuka samo kuma kada a tara shi a tulu ɗaya, a raba wurare, ka ga yadda namu ya ƙare.

Ka ce Musulmi ne a can, alhamdu lillahi. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko a kan dutse ne. Ka sa rigar sanyi biyu, kada ka ce kunya. In takalmi ya fara zamewa ka zauna ka sauko da gindi, ba wanda ya san ka a can balle ya kawo labari Kazaure. Ka riƙa kiran Maryama, ita za ka bari da yara, kada ka sa ta zama irina mai kasa kunne a rediyo. Ni in ka kira ta ka ce kana lafiya, ya ishe ni, za ta gaya min.

To, Auta. Tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a ƙirjina yanzu haka da nake magana. Na jira ya tafi ban ga alama ba, kuma na san in na ce sai ya tafi, wani za a ba tafiyar nan. Saboda haka ga maganata. Na yarda. Ka je. Na yafe maka duk abin da ke tsakanin uwa da ɗa, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe min. Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya riƙe jirgin a sama, ya riƙe ƙafarka a kan dutse, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya sa ka samo abin da ka je nema, ya sa ya amfani wanda ka sani da wanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya dawo min da kai, in da rabo mu gana, in babu ya haɗa mu a inda ya fi nan.

Abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka zo Kazaure yi min sallama. Na san halina. In na ga ka tsaya a ƙofar ɗakin nan da jaka a hannu, zan kama rigarka in ce na fasa, kai kuma za ka ajiye jakar. Daga Kano ka wuce.

Na san za ka ce yayanka ne ya ƙara wannan da kansa don yana so ka tafi. Shi ya sa na sa ya shafa min tawadar biro a babban yatsa. Ga shi nan na dangwala a ƙasa. Ya ɗan goge, amma nawa ne.

Wassalamu alaikum.

Innarka.